Ranar da 'Yan Fim Suka Ari Zauren Malam

Abin da na fara gani da na sauka daga babur shi ne takalma. A ƙofar zauren kakana kullum akwai takalma, kuma na san su: silifas ɗin masunta da ruwa ya cinye musu launi, da takalman fata na tsofaffi da suka lanƙwashe ta gefe ɗaya. Ranar kuwa wasu na tarar, farare masu igiya, da wani mai tsinin baki yana ta ƙyalli. Wata baƙar waya mai kauri ta fito daga cikin zauren, ta ratsa ta tsakiyar takalman, ta tafi gindin darbejiya inda janareta ke kuka.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare a lokacin. Mu a Bebeji muke zaune, amma duk hutu Ummata takan tura ni wajen iyayenta, a wani ƙauye da ke bakin ruwan Tiga. Na ratsa ta ƙaramar ƙofa na shiga gida, ko jakata ban ajiye ba kakata, wadda muke kira Inna, ta kama hannuna.

"Ke, kin zo a sa'a! 'Yan fim ne daga Kano. Sun ari zauren Malam kwana uku. Leƙa ki gani, har da wannan mai saje da ke sa ni kuka."

"Inna, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Lafiya lau nake, ga ni kina gani. Je ki leƙa!"

Na leƙa ta kafar katanga. Mutanen da na saba gani ƙanana a cikin waya, ga su nan da tsayinsu, ɗaya yana cin gyaɗa, ɗaya yana neman inda zai sa caji. Mai sajen ya fi yadda nake zato gajarta, kuma yana da mura.

Kakana, wanda kowa ke kira Malam, ya daɗe yana karantarwa a wannan zaure. Zauren kansa ba wani abin kallo ba ne, ginin ƙasa ne da buzu da littattafai a alkuki. Ƙyaurensa ne kowa ya sani. Katako ne mai kauri, baƙi, da ƙusoshi masu faɗin kai layi bakwai, guda ɗaya ta ɓalle a layi na uku. Na mahaifin Malam ne. Lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye tsohon garinsu, mutane sun kwashi hatsi da tukwane, shi kuwa Malam da ƙannensa ƙyauren nan suka ɗauko a ka. Mutanen garin sun warwatsu, wasu Kiru, wasu Tudun Wada, wasu har Doguwa. In ɗayansu ya zo gaisuwa, kafin ya yi sallama sai ya ɗora tafinsa a kan ƙyauren. Na sha ganin tsoho ya yi haka ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Akwai mutum ɗaya da na san ba zai yi murna da baƙin nan ba, wato Kawu, ƙanin Ummata. Malamin addini ne a wata makaranta a Tudun Wada, kuma ba abin da ya sa a gaba kamar sharhin fim. Duk Lahadi yakan buga waya a wani shirin rediyo ya faɗi abin da ya gani. Yana da littafin rubutu mai jan bango, a saman kowane shafi an rubuta kalma ɗaya: Kurakurai. Idonsa ba ya son ƙananan rubutu, don haka duk hutu ni ce mai rubuta masa. Sakatariya yake kirana. Mu zauna a tabarma, waya jingine da buta, shi yana kallo, ni ina riƙe da biro.

"Rubuta, sakatariya. An shiga gida ba sallama. Rubuta, an yanke kiran salla a tsakiya an sa kiɗa."

Wasu abubuwan ni ke fara gani. Yarinya ta sha ruwa da hagu, ko carbi ya koma wani hannu ba dalili. In na nuna masa sai ya tafa hannu ya ce idona ya fi nasa. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ake nuna malamai.

"Duba nan," yakan ce. "Da kin ga gemu da rawani da carbi a fim, ki jira, mugunta na tafe. Na ƙasashen waje kuwa, duk wanda ya yi kabbara to bam ne a jikinsa. Namu sun koya daga can. Yaro ya tashi yana ganin haka kullum, ranar da ubansa ya ce ya je wajen malam, me zai tuna?"

Ba ya gama fim. Da ya ga abin da yake jira sai ya kashe, ya ce ya san sauran. Ni kuwa ina son fim, har da waɗanda yake kashewa, amma ban taɓa gaya masa ba.

Washegari da hantsi Kawu ya iso. Tun daga nesa na ji kukan babur ɗinsa. Ya tarar ana shirya zauren, ni kuma ina tsaye a bayan wata mata daga cikin 'yan fim, wadda ta ce in kira ta Anti. Ita ta gan ni ina leƙe ta yafito ni. Tana da littafi ita ma, kuma aikinta ya ba ni mamaki. Ita ke rubuta wace riga mutum ya sa, a wane hannu agogonsa yake, ina aka ajiye kofi, don kada a dawo ɗauka gobe a ga ya canza. Na ce a raina, ai wannan aikina ne. Sai dai ita kafin a yi kuskuren take rubutu, ni kuma bayan an yi.

A gabanta akwai ƙaramin allon kallo da ke nuna abin da kyamara ke gani. Na duba. Ga ƙyauren Malam ya cika rabin hoton, ƙusoshin nan sun fito ɗaya bayan ɗaya, har gurbin wadda ta ɓalle. Ga buzunsa, ga littattafansa. Sai wani ya shigo da kaya ya jera su a gaban buzun: jan ƙyalle, ƙwarya mai wuri a jiki, fasasshen madubi, da baƙin zakara ɗaure da igiya. Wani jarumi mai ƙaton rawani ya zauna a inda Malam ke zama, aka shafa masa kwalli har ya yi yawa.

Murnata ta tsaya cak. Na gane irin malamin da za a yi a wurin.

Kawu ma ya gani. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa yadda ya kamata, sannan ya nemi shugabansu. Daraktan bai kai Kawu shekaru ba, siriri ne mai hular sanyi duk da zafin da ake yi, kuma shi ne mai takalmin nan mai tsinin baki.

"Ɗan'uwa, tambaya ɗaya gare ni," in ji Kawu. "Malamin nan naka, na kirki ne ko ba na kirki ba?"

"Allah gafarta malam, labari ne. Ka bari ya fito ka gani."

"Na ga zakara. Baƙi ne kuma."

Wasu daga cikin ma'aikatan suka yi dariya. Daraktan bai yi ba.

"Allah gafarta malam, ka san akwai irinsu a gari. Suna cutar mata, suna raba aure. Faɗakarwa muke yi."

"Na fi ka sanin akwai su. Akwai likitan banza, akwai direban banza. Me ya sa kullum rawani kuke ɗaurawa mugu?"

"Ai akwai malamin kirki a ciki. Shi ke tona masa asiri a ƙarshe."

"Sau nawa yake fitowa?"

"Sau ɗaya."

"Mai zakara fa?"

Daraktan ya waiwayi Anti. Ta duba littafinta, ta ce a hankali, "Tara."

"Kun ji ko!" Kawu ya juya ga mutanen gari da suka taru. "Tara da ɗaya. Kuma taran nan a zauren mahaifina, a jikin ƙyauren da kowa ya sani daga nan har Doguwa. Gobe a ce ga inda ake yanka baƙin zakara. Wa zai bi su gida gida yana cewa wasa ne?"

"Wallahi ba mu da wata manufa a kan addini," in ji daraktan, muryarsa ta fara tashi. "Ni ma salla nake yi. Ku kullum kuna rediyo kuna kafirta mu."

"Ban kafirta kowa ba. Abin da kuka nuna nake karanta muku."

Ana cikin haka Malam ya fito daga cikin gida da sandarsa. Kowa ya durƙusa. Ya dubi zakaran, ya dubi mai rawanin da ke kan buzunsa, wanda ya yi zumbur ya miƙe. Ashe da suka zo aron zaure cewa kawai suka yi za a nuna malami, shi kuma bai tambayi wane iri ba.

"Baba, ka ce su kwashe kayansu," in ji Kawu.

Malam ya ce, "Na riga na ce musu su shiga. Ban taɓa cewa baƙo shiga sannan in ce masa fita ba." Ya ɗora tafinsa a kan ƙyauren kamar yadda baƙinsa ke yi, sannan ya koma ciki.

Ba a ɗauki komai a zauren ba ranar. Gardamar ta cinye safiya, aka kira azahar, daraktan ya ce a ɗaga zuwa gobe, don da yamma suna da wata ɗaukar a bakin ruwa. Na kai wa Malam furarsa. Da na koma ɗauko kwanon, yadda na ajiye haka na tarar, ludayin ma bai jiƙe ba. Inna da ke ta murna jiya ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi.

"Ba zai janye ba," ta ce mini. "Na san shi. Zai bar su su yi, sannan abin ya ci shi shi kaɗai."

Bayan la'asar Anti ta aiko a tambayi Inna ko zan raka ta bakin ruwa. Kawu ya ce shi ma zai je, ya miƙo mini jan littafin da biro. "Riƙe, sakatariya. Yau da idonmu za mu gani."

Fitowar malamin kirki za a ɗauka, guda ɗayan nan. Wanda zai yi ta dattijo ne mai farin gemu na gaske, mai sanyin magana, tun da safe na lura shi kaɗai ne ya cire takalmi tun daga nesa da zaure. A labarin, zai idar da salla a bakin ruwa, sai matar da aka cuta ta zo ta faɗa masa kukanta.

Wurin ya yi kyau ƙwarai. Ƙauyen su Malam yana gabashin ruwa ne, don haka da yamma rana kan sauka a kan dam, ruwan ya koma kamar an zuba masa manja. Kwalekwale biyu na dawowa. Masunta na zaune suna ɗinkin taru, sun bar aikin suna kallo. Can gefe akwai wata tsohuwar rumfar banda, inda ake busar da kifi da hayaƙi, ta yi baƙi ƙirin. Mai kyamara sai murna yake, yana cewa a yi sauri kafin hasken ya tafi. Ni ma na manta da komai na ɗan lokaci. Aka ce kowa ya yi shiru, na ji har numfashina na riƙe.

Aka shimfiɗa wa dattijon darduma. Ya tsaya a kai, ya fuskanci ruwa, rana na haska masa gemu. Ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

A garinmu, baƙo in zai yi salla, abin da yake fara tambaya shi ne ina gabas. Ko yaro ya tarar a ƙofar gida zai tambaya. Dattijon bai tambayi kowa ba, an shimfiɗa masa ne ya hau. Na dubi inuwarsa, ta miƙe doguwa a bayansa. Na dubi rana, tana gabansa, kuma yamma ce.

Na ja gefen mayafin Anti. Na ce mata, "Anti, gabas tana bayansa."

"Me kika ce?"

"Yamma yake kallo."

Anti ta dubi rana, ta dafe baki, sannan ta ɗaga murya. "A dakata! Alƙibla ba daidai ba ce."

Daraktan ya juyo a fusace. "Na sani. Ruwan nake so a gabansa. Wa zai gane a cikin fim?"

Wani masunci mai faɗin kafaɗa, wanda shi ne mai rumfar bandar, ya ce daga inda yake zaune, "Duk wanda ya taɓa cin kifin Tiga. Kai, ko akuyata ta san rana ba ta faɗuwa a gabas."

Aka kwashe da dariya. Dattijon ya sauka daga dardumar da sauri kamar ta yi zafi. "Astagfirullah. Ban tambaya ba, laifina ne. Yaro, ko a wasa ba na yi wa yamma sujada. Juya ni."

Kawu kuwa kamar an ba shi kyauta. "Rubuta, sakatariya! Rubuta da manyan baƙaƙe. Malamin kirkin nasu guda ɗaya, shi ma sun juya masa baya ga alƙibla. Ya ce ya sani! Kowa ya ji ya ce ya sani!"

Aka juya dardumar. Mai kyamara ya zagaya ya leƙa, ya yi tsaki. Ta gabas ba abin da ke akwai sai injin ban-ruwa, da tulin buhunan taki a bakin gonar albasa, da dogon ƙarfen sabis na waya. In aka ɗauka ta gaba kuma fuskar dattijon duhu take yi, don rana ta koma bayansa. Suka gwada nan, suka gwada can. Hasken na ta raguwa. Daraktan ya cire hular sanyinsa ya murɗe ta a hannu.

Biro na hannuna, amma ban rubuta komai ba. Idona na kan rumfar bandar. Ina tunanin zauren Malam, inda ba mai tambayar gabas, don akwai ɗan alkuki a bangon da ke nuna ta, kuma hasken safe ta taga yake sauka a kan buzu daidai. Sai na ga abin gaba ɗaya, kamar yadda nake ganin carbi ya canza hannu. Sun sa kowa a wurin da ba nasa ba.

Na sake jan mayafin Anti na raɗa mata. Ta dube ni, ta ce, "Ke za ki faɗa da bakinki." Kafin in gudu ta riƙe hannuna ta ja ni gaban daraktan.

Ban iya kallon fuskarsa ba. Takalminsa na kalla, tsinin ya kwashi laka.

"Ina jin ki, ƙanwata," ya ce. "Yi sauri, rana na tafiya."

"Cewa na yi... da an musanya."

"A musanya me?"

"Shi Baba mai gemu ya koma zauren Malam. Can akwai gabas, akwai littattafai. Shi kuma mai zakara a kawo shi nan." Na nuna rumfar da biro. "Ai mai irin wannan aikin ba ya yi a bakin hanya inda ake wucewa. Ɓuya yake."

Na ji kamar in nutse a dam ɗin. Mai kyamara ne ya fara motsi. Ya tafi rumfar, ya sunkuya ya shiga, ya daɗe, sannan ya leƙo da toka a goshi.

"Oga, zo ka gani. Hayaƙi ya yi mana rabin aikin. Ga yanar gizo, ga haske na shigowa ta tsagar kara. Wannan ko a Kano ba za mu iya haɗa shi ba."

Daraktan ya shiga, ya fito, ya sake shiga. Ya tambayi Anti ko akwai abin da aka riga aka ɗauka da zai hana. Ta buɗe littafinta ta ce babu, jiya shiri kawai aka yi, yau kuma gardamar safe ta hana a ɗauki ko ɗaya.

"To ni fa?" in ji masuncin. "Rumfata ce. Malam yana da sunan da ake karewa, ni ba ni da shi?"

"Kai ai kowa ya san kifi kaɗai kake cuta," wani abokinsa ya ce.

"Da masu saye," in ji wani.

Shi ma ya yi dariya, ya ce su shiga, amma kada a taɓa masa itace. Daraktan ya mayar da hularsa. Ya dubi Kawu ya ce, "Allah gafarta malam, ka ji. Ba don rediyonka na yi ba, hoton ne ya fi kyau."

"Ni ma abin da nake faɗa ke nan," in ji Kawu. "Hoto kuke bi, ko ina ya kai ku. Yau ya kai ku gabas." Ya karɓi littafin daga hannuna, ya ga shafin fari fat, ya dube ni, sannan ya rufe shi.

Da gudu na koma gida, abin da ban taɓa yi ba a gaban mutane. Na tarar da Malam yana alwalar magariba. Na durƙusa na faɗa masa, maganar na haɗuwa da juna. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wa ya kawo wannan shawara?" Na sunkuyar da kai. Inna ta ce daga bakin murhu, "Ka ga tana kallon ƙasa, ai ka san ko wace ce." Bayan salla ya ce a kawo masa tuwo, ya kuma nemi ƙari.

Washegari aka ɗauki dattijon a zaure. Malam da kansa ya zauna a gefe, ya gyara masa zaman buzu, ya nuna masa yadda ake buɗe littafi mai warwatsattsun takardu ba tare da sun zube ba. Suka shiga hira har daraktan ya roƙe su su bari a yi aiki. Da ya ga yadda hasken safe ke sauka a kan ƙyauren, sai ya ƙara wa dattijon fitowa biyu da ba sa cikin labarin. Anti ta bar ni na riƙe mata littafi, har sau ɗaya na ce hular dattijon ta karkata ba kamar ɗazu ba, aka gyara. Da za su tafi suka bar wa Inna baƙin zakaran. Ta ce ita ba za ta dafa zakaran boka ba. Malam ya ce a kasuwar Kafin Maiyaƙi aka saye shi, zakara ne kawai. Har yau yana nan, ya fi kowa cara a unguwar.

Bayan wata biyar, wata Asabar da safe, na ji babur ɗin Kawu a ƙofar gidanmu a Bebeji. Fim ɗin ya fito. Ya ce tun jiya 'yan'uwa ke kiransa daga Doguwa da Kiru, wata tsohuwa har da kuka, wai ta ga ƙyauren garinsu. Shi bai kalla ba tukuna, ya jira sakatariyarsa.

Muka shimfiɗa tabarma, aka jingina waya da buta. Ba a yi nisa ba ya fara. "Rubuta. Waƙa da rawa ba dalili. Rubuta, mai zakara ya rantse da ƙarya kuma an sa abin dariya a kai." Na rubuta, don gaskiya ne an yi. Mai kwallin ya fito a rumfar banda sau tara cif, Kawu na ƙirgawa da yatsa. A na huɗu na ga hannunsa ya nufi wayar zai kashe kamar kullum, sai ya fasa.

Sannan ƙyauren ya fito. Matar da aka cuta ta zo gabansa, kafin ta yi sallama ta ɗora tafinta a kai. Ban san wanda ya gaya musu ana haka ba, wataƙila sun ga Malam ne ranar gardama. Kawu ya tsayar da fim ɗin. Ya kawo wayar kusa da idonsa, ya bi layukan ƙusoshin da ɗan yatsa har ya kai gurbin da ke layi na uku. Ya daɗe a haka. Sannan ya saki fim ɗin ya ci gaba, muka ga dattijon a kan buzu, fuskarsa ga alkukin gabas. Ranar ce na fara ganin Kawu ya kai ƙarshen fim, har sunayen da ke hawa sama.

Ya yi gyaran murya. "Tara da uku," ya ce. "Har yanzu mugun ya fi yawa. Zan faɗa gobe a rediyo. Karanta mini abin da muka samu."

Na karanta masa. Kurakurai bakwai ne, duk na gaske. Da na gama na dubi shafin. Ba inda aka ambaci ƙyauren, ba inda aka ambaci gabas, don a littafin babu wurin da za a sa su. Na juya biron a hannuna sau da yawa. Ranar bakin ruwa takalmin darakta na kalla, amma wannan karon fuskar Kawu na kalla.

"Kawu."

"Na'am, sakatariya."

"Don Allah ka bari in ja layi a tsakiyar shafin. Wannan gefen kurakurai, wancan gefen abin da suka yi daidai. In za ka karanta gobe, ka karanta duka biyun."